Lambar Ƙasa

Zabeiru ya zo mini bayan la'asar, takarda a hannu.
A kusurwarta ya rubuta jikka ɗari biyar,
ya ja mata layi biyu.
Ya ce, Iya Zuwera, ƙasa da haka ba ni karɓa.
Lisans ɗinsa ko wata uku bai yi a akwati ba.

Na ce zauna, bari shayi ya tafasa.

Shekara ashirin da biyu ina buga takardun albashi.
Na san kuɗin mutanen Damagaram
yadda wanzami ya san ƙeyarsu.
Lambar da ke sama, ɗana, ta ado ce,
ita ake faɗa wa surukai.
Sauko da yatsanka.
Nan haraji ya ɗebi nasa,
nan asusun tsufa ya gutsura,
nan banki, in ka ci bashin babur.
Wadda ta saura can ƙasa, ƴar ramammiya,
ita kaɗai ta san hanyar Garin Malam,
ita ke shiga zaure ta yi sallama.

Ita ma ƴan tarba na jiran ta:
mai haya, mai wuta,
da ga-ruwa, wanda in bazara ta kama
yake sayar da jarka kamar turare.

Kana son jin inda kuɗi suke kwana? To.
Injiniyan matatar mai yana kwasa, ba ƙarya,
amma motar ma'aikata na ɗaukar sa kafin assalatu,
ƴarsa ta fitar da haƙori bai gani ba.
Likitar da ke fiɗa a babban asibiti,
sa'o'inta sun aurar da ƙannensu tana bisa benci,
yau tana samu, barci ne ba ta samu.
Na puroje, masu farar mota,
albashi da ƙiba kamar ragon layya,
sai dai kwangilar wata goma sha biyu ce.
Na sha ganin su a Kasuwar Dole, wata na sha uku,
suna taya tumatir.

Sai Nomau mai haƙa foraj.
Ban taɓa buga masa takarda ba,
ba ya da ofis, ba ya da hatimi,
farcensa bai san fari ba.
Dutsen garin nan da ke hana mu ruwa
shi ke ba shi tuwo.
Benen nan mai shuɗin fenti a Sabon Gari
ba na wani darakta ba ne.

Kai kuwa, sabon shiga,
in sun ce jikka ɗari, kada ka tashi da fushi.
Tambaye su: kafin a cire ko bayan an cire?
A rubuce ko a baki?
Ran nawa ga wata, kuma watan wa?
Wanda ya tsaya jiran babbar tukunya
ƙanzo ma sai ya wuce shi.

Ya juya kofi a hannu, ya juya.
Can ya ce, ke fa, Iya, nawa?

Na karɓi takardar,
na rubuta tawa ƙarƙashin tasa, ban ja layi ba.
Ya duba.
Ya dubi rufin kwano, firji, injin ɗinki,
hoton ƴaƴa huɗu da rigunan gama makaranta.
Ya sake duba.

Bai goge tasa ba, ban ce ya goge ba.
Ninke ta ya yi sau huɗu, ya sa aljihu,
ya ce in ba shi lambar wayar Nomau,
wai don wani abokinsa.

A bakin ƙofa ya tsaya yana sosa ƙeya:
ko akwai dala arba'in ta kabu-kabu?
Na ba shi.
Na ce na rubuta, Zabeiru.
Wannan ce cirewa ta farko
daga albashin da ba ka fara ci ba.